Ranar da Madubi Ya Fito

Laraba, 6 ga Oktoba, bayan La'asar

Zuwa ga Kwamanda Lawwali, shugaban 'yan sa-kai na Tudun Kirya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ta dace da mutumin da yake tsaye domin mu samu mu zauna, da ta'aziyya ta biyu a kan rasuwar ƙaninka Audi, Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarku, ina neman afuwarka bisa kutsen da na yi cikin makokinka da cikin aikinka alhali ba ka kira ni ba. Na san takarda daga hannuna ba ita kake bukata ba a wannan lokaci. Ka yi haƙuri da ita duk da haka.

Ni ne Mas'udu mai bugun bodin mota. Abokin aikina Gide mai feshin fenti yana hannunku yau kwana goma sha ɗaya, ana zarginsa da yi wa mutanen daji ishara da madubi, kuma jibi Juma'a wa'adin da Liman ya roƙa masa zai cika. Sau biyu na tsaya gabanka bakina ya ci amanata. Saboda haka na yago waɗannan shafuka daga littafin da nake rubuta kwanakina. Ban gyara ko harafi ɗaya ba, har wurin da na zage ka.

Litinin, 13 ga Satumba, da hantsi

Kwana huɗu ke nan da ɗauke layin waya. Wayoyinmu sun koma fitilu. Fetur a jarka ya zama haram, hanyar Yankara kuwa sai mai ƙarar kwana. Ni da Gide mun yanke shawarar mu rufe ƙofar gareji mu duƙufa a kan motar marigayi Alhaji Mani, tunda babu inda za mu.

Fod Mustan ce, 'yar Amirka, mai silinda takwas, da dokin ƙarfe yana sukuwa a goshinta. Alhaji ya hau ta daga Ikko a zamanin da auduga take auduga. Shekara talatin da ɗaya tana rumfa, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ɗiyarsa Hajiya Fatimatuzzahra da ke Kaduna ta ce a maido mata da fuskar motar mahaifinta kafin a ɗauke ta daga nan. Wani bakanike ya riga ya tashi injin tun bazara. Namu shi ne bodi da fenti da kurom, wato farin ƙarfen nan mai sheƙi. Bamba, ƙarfen nan mai tare karo, ɗaya ta rage, ta gaba. Ta baya maƙerin gari ya daɗe da mayar da ita fartanya.

Na karanta wa Gide baitin da na yi mata:

Ja-wur kamar gauta ta nuna a kan tudu,
Ƙarfe yana numfashi, ya tashi zai gudu.

Ya ce shi bai ga gauta ba, kashin kaji ya gani, kuma baitin Malam Sha'iri, wato ni, bai taɓa cire tsatsa ba. Na ce masa Ɗan Fillo ba ya jin waƙa sai idan an sa saniya a ciki. Shekara ashirin da biyu ina kiransa haka a gaban kowa, saboda mahaifiyarsa 'yar ruga ce, yana dariya.

Alhamis, 16 ga Satumba, bayan Azahar

Gide yana kan bodi da samfefa mai laushi, takardar guga, da ruwa. Ya cika ramukan ƙofar hagu da fila, yana shafawa da tafin hannu ido a rufe, ya ce ido maƙaryaci ne amma fata ba ta ƙarya. Ni ina kan bamba.

Kurom ba ya son samfefa, domin ƙwarzane ɗaya ba ya gyaruwa har abada. Farar takardar cikin kwalin sigari nake dunƙulewa, in tsoma a ruwan tsamiya, in bi ƙurajen tsatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai tankaɗaɗɗiyar toka. Sai tsumman tsohuwar atamfa wadda wanki ya kashe mata kaifi. Idan mutum ya kai matakin da zai leƙa ƙarfe ya ƙirga haƙoransa, a garejinmu mukan ce madubi ya fito. Haka maigidanmu na Funtuwa yake faɗi, haka muka gada.

An ji harbi daga wajen Tafoki tun safe. Ba mu tsaya ba.

Lahadi, 19 ga Satumba, da Magariba

An kawo gawa uku a amalanke daga gonakin gabas. Ɗaya babu tafin hannu. Na gama rabin bamba.

Talata, 21 ga Satumba, da hantsi

Gide ya fara feshi da ɗan fetur ɗin da muka tatsa wa janareto. Ja ne, ja mai zurfi irin na asalin motar, wanda muka samo samfurinsa a ƙarƙashin murfin tanki inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Kallon hannunsa na dama ibada ce ga ido. Yana tafiya daga hanci zuwa wutsiya ba ya tsayawa, ba ya rawa, fentin yana kwanciya kamar an shimfiɗa ruwa.

Ƙurar feshi tana tashi ko'ina, kuma idan ta sauka a kan kurom ta ɓata aikin mako guda. Don haka aka hau da bamba kan rufin gareji, aka jingina ta da bulo tana fuskantar gabas. Da rana ta buge ta sai da na kare idona. Na sauko da wannan:

Rana ta duba ƙasa ta iske ƙanwarta,
Ta tsaya tana kallo, ta mance hanyarta.

Gide ya ɗago daga ƙasa ya ce in juya ta tana kallon kwano, hasken ya yi yawa a irin wannan lokaci. Na ce ƙwarzanewa za ta yi.

Laraba, 22 ga Satumba, bayan La'asar

Shafi na biyu na fenti. Bamba ta sake yin hantsi a sama, iska tana ɗan kaɗa ta, haske yana ƙiftawa.

Mun sha shayi a bakin kasuwa. Audi ƙanin Lawwali yana wurin da bindigarsa ta gargajiya, yana cewa kwana biyu ke nan daga kukar da suke gadi yana ganin wani abu yana walƙiya daga cikin gari zuwa daji. Gide bai ji shi ba, yana can yana yi wa mai shayi alfahari. Ya ce da ƙarfi, yana dariya, "Gobe da hantsi madubi zai hito sosai, ko daga bisa dutse sai an gane shi."

Ni na ji su duka biyun. Shayina yana da zafi, na tsaya ina hura shi.

Alhamis, 23 ga Satumba, bayan La'asar

Da hantsi suka zo. Daga gabas.

Ina kan rufi lokacin da na fara jin baburan, kamar an tashi injin niƙa ɗari lokaci guda. Uku uku a kan kowane babur. Na kwanta rubda ciki a kan kwano mai zafi, na rungume bamba na kifa ta. Daga nan na ga abin da ban so gani ba. Sun harbi mai shayi yana riƙe da buta, ruwan zafi ya zube masa a ƙirji bai ko motsa ba. Wata mata ta fito da goyo daga lungun masallaci, suka bi ta da babur suka take. Sun cinna wa rumbuna wuta da sabon gero a ciki. Audi ya tsaya a bakin kuka shi kaɗai, ya harba sau ɗaya, yana ɗura ta biyu suka iso gare shi. Ba su ɓata harsashi a kansa ba. Da adda suka yi, kuma sun daɗe.

Gide ya kwanta ƙarƙashin mota. Babu wanda ya shigo garejin. Babu wanda ya taɓa mu, ko ƙwarzane. Na yi hamdala a lokacin, ban san wannan ma za a ƙirga mana shi ba.

Juma'a, 24 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Goma sha bakwai. Likkafani ya ƙare, aka yi da zannuwan gado. Lawwali ya sa ƙaninsa a rami da hannunsa, ba ya kuka, idonsa yana yawo a kan fuskokinmu. Bamba tana ɗakin ajiya a ƙarƙashin buhuna.

Asabar, 25 ga Satumba, da hantsi

'Yan sa-kai sun zo su takwas. Gide yana wanke bindigar feshi. Wani ya maimaita masa maganar da ya yi a wurin shayi, kalma da kalma, ya tambaye shi ko ya faɗa. Ya ce ya faɗa, ya buɗe baki zai yi bayani, gindin bindiga ya shiga bakin. Haƙora biyu suka faɗo cikin kwanon tina, ruwan wanke fenti. Suka ɗaure shi da igiyar shanu ta baya, gwiwar hannu na taɓa gwiwar hannu, suka ja shi a ƙasa har titi. Ana cewa infoma, ana cewa Ɗan Fillo. Da sunan da na raɗa masa suke kiransa. Mata suna jifa, har da waɗanda ya fenta wa ƙofa kyauta.

Lawwali ya dube ni ya ce, "Baba Mas'udu, kana da magana?"

Ban ce komai ba.

Asabar, 25 ga Satumba, bayan La'asar

Akwai sauran baƙin fenti a gwangwani, wanda muke shafa wa ƙarƙashin mota. An yi amfani da shi a kan bamba. Da ya sha iska aka ja abin a ƙasa, aka watsa masa laka, aka jefa shi bayan gareji cikin tarkace.

Ina da 'ya'ya shida. Na rubuta wannan domin in gan shi a rubuce.

Litinin, 27 ga Satumba, da Azahar

Suna tsare da shi a tsohon siton auduga. Suna son sunayen waɗanda yake aiki da su. Liman ya roƙa a jinkirta har Juma'a ta sama, ko gaskiya za ta bayyana.

Suwaibatu matar Gide ta samu ta gan shi. Ya gaya mata, ya gaya musu, cewa madubin bambar mota ce, su je gareji su gani da idonsu. Ta zo da Lawwali da mutum huɗu, tana gaba tana sauri, fuskarta cike da murna. Ta ce in fito musu da ita.

Aka kai su bayan gareji. Lawwali ya juya ta da ƙafa. Baƙin ƙarfe, laka, kashin awaki. Ya yi mini tambaya, na ba shi amsa.

Ya koma cikin gareji ya tsaya a gaban motar, tana ja-wur, ba ta san abin da ake ciki ba. Ya zare adda ya ja ta tun daga hanci har wutsiya, fenti yana naɗewa kamar ɓawon rogo. Ya fasa gilashin gaba. Ya ɓalle dokin ƙarfe ya sa a aljihu. Jahili, ɗan tasha, wanda bai san bambancin aikin mako biyu da ƙofar makewayi ba. Allah Ya isa.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Layi biyar a kan fenti. Suwaibatu ba ta samu ko ɗaya ba, ita da ta tsaya tana kallona har suka fita.

Talata, 28 ga Satumba, da Asuba

Na yi alwala sau uku. Baƙin bai fita daga ƙarƙashin farce ba.

Alhamis, 30 ga Satumba, bayan La'asar

Na bi ta bayan sito kamar mai neman akuya. Ana jin sa daga waje. Ba ihu yake yi ba, wani sauti ne kamar na kwampireso, injin iskar feshi, idan bel ya saki. Wanda ke gadi ya gaya mini, yana murmushi, cewa tun ranar Litinin da ƙaryarsa ta bayyana suka ɗora hannunsa na dama a kan dutsen awo suka bi yatsun da guduma, ɗaya kowace rana. Saura babban yatsa.

Na dawo na zauna zan yi baiti, domin abin da na iya ke nan. Na nemi kalmar da za ta yi amo da Gide. Daɗe ta zo. Buɗe ta zo. Na rufe littafin.

Juma'a, 1 ga Oktoba, da Magariba

Waɗancan sun tare hanyar Sabuwa, an ce sun ƙone mota da mutane a ciki. 'Yan sa-kai sun rama a kan wata ruga da ba ta san hawa ba. Hayaƙi gabas, hayaƙi yamma. Ban fita ba.

Asabar, 2 ga Oktoba, da hantsi

Suwaibatu ta shigo ba sallama. Ban taɓa ganin ta a gareji ita kaɗai ba. Ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har na fara fatan ta zage ni. Sannan ta ce ita ba ta san aikin mota ba, amma shekara ashirin tana wanke rigunan mai fenti, ta san warin sabo da na tsoho.

Ta ce, "Yaya Mas'udu, da Kwamanda ya tambaye ka ko ƙarhen nan ya taɓa sheƙi, ka ce tsatsa ta cinye shi tun tuni. Ina tsaye. Nuna mani hannunka."

Na sa su a aljihu.

Ta ce ba ta zo tona ni ba, ko ta tona babu mai jin matar infoma. Ta zo ne ta gaya mini abin da mijinta yake faɗi a sito. Kullum suna tambayarsa wa ya hau da madubin sama, wa ya taya shi. Kullum amsarsa ɗaya.

"Shina cewa shi ɗai ya hau da ita. Ya ce Malam Sha'iri tsoron tsani gare shi, bai taɓa hawa ruhi ba."

Ta gyara mayafinta ta fita. Gide ne mai tsoron tsani. Duk garin nan babu wanda ya sani sai ni.

Lahadi, 3 ga Oktoba, bayan Azahar

Ni na hau da ita. Ni na jingina ta gabas. Ya ce in juya ta na ƙi. Ni na ji Audi na yi shiru. Ni na shafa baƙin fenti.

Na ciro ta daga tarkace. Tina ta ƙare, fetur babu ko cokali. Na shiga ƙarƙashin motar na kwance bututu na tatse man birkinta, domin man birki yana cin fenti amma ba ya taɓa kurom. Na jiƙa tsumma na lulluɓe ta, na jira. Baƙin ya fara kumbura yana tattarewa. Ba a kankare shi da ƙarfe. Da tsinken kara nake ɗaga shi, da farce.

Litinin, 4 ga Oktoba, bayan La'asar

Na kai rabi. Man ya cinye mini fatar yatsu, suna tsagewa suna jini. Ina kallonsu ina jin kunyar in kira wannan ciwo. Jan da na yi mata a ƙasa ya bar ƙwarzane uku a gefen hagu, waɗanda ba za su fita ba.

Talata, 5 ga Oktoba, da hantsi

Suwaibatu ta zo da ƙwaryar toka, ta tankaɗe ta sau biyu da kallabi, da tsamiyar da ta jiƙa. Ba ta gaishe ni ba. Ta zauna a wancan bakin bamba, ni a wannan, muna gugawa muna matsowa tsakiya. Hannunta ya fi nawa, ta ce ba ta ga bambancinsa da gindin tukunya ba. Da muka haɗu a tsakiya ta leƙa, ta ga fuskarta, ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni ko wannan ne abin da suke kira madubi. Na ce shi ne. Ta ce ashe a kan wannan.

Laraba, 6 ga Oktoba, kafin Magariba

Kwamanda, ka karanta. Yanzu ka san abin da na sani.

Ban san dalilin da ya kawo waɗancan ranar Alhamis ba, ko hasken ya ja su ko da ma suna tafe. Ba zan rantse a kan abin da ban sani ba. Abin da zan rantse a kansa da Alƙur'ani shi ne, walƙiyar da marigayi Audi ya gani gaskiya ce, bai yi ƙarya ba, kuma hannuna ne ya ɗora ta. Madubi kalmar gareji ce. Gide bai yi wa kowa ishara ba, sai alfahari da aikin abokinsa.

Ga roƙona. Gobe Alhamis da hantsi, idan Allah Ya ba mu rana, ka tsaya a gindin kukar da ƙaninka ya tsaya. Ni zan hau rufi da bamba in jingina ta da bulon nan, yana nan inda na bar shi. Ka duba da idonka. Ka sa mutanenka su riƙe tsanin, domin in na hau kada in sauko sai hannunsu. Idan abin da ka gani shi ne abin da Audi ya kwatanta maka, ka kwance Gide ka ba matarsa, da babban yatsansa idan yana nan. Idan har jinin goma sha bakwai yana bukatar wuyan da za a rataya masa, ka san wanda ya hau, ka san wanda ya yi maka ƙarya a bayan gareji. Na riga na yi wa iyalina bayani.

Na shafa baƙi bisa fari domin in tsira,
Ga shi na goge, ba abin da ya rage sai kira.

Ba zan hau ba tare da izininka ba, kada masu gadi su ga walƙiya su ɗauka wata isharar ce su huce a kan wanda ke sito. Babu waya, kuma saƙon baki yana canzawa a hanya. Don haka ina roƙonka, don Allah da darajar wanda ka binne, ka ba ni amsa a rubuce da hannunka, yau, kafin a kira Isha'i. Ba sai ka tsawaita ba. Ka juya wannan takarda ka rubuta kalma ɗaya, hau, ka ba Suwaibatu. Tana tsaye a ƙofarka, ta ce ba za ta zauna ba.

Wassalam. Naka mai laifi,
Mas'udu.